Labarin Shaihu Ibnu Baɗuɗa da Abokan Tafiyarsa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa. Bayan haka, wannan labarin wani malami ne Bamagaribe, ɗan gidan alƙalai, wanda ya fita garinsu da niyyar hajji, bai sake shiga ƙasarsu ba sai bayan shekara 25 a lissafin Hijira. Ya taka Afirka da Asiya da gefen Turai tun zamanin da babu abin hawa sai jaki da doki da raƙumi da jirgin ruwa mai filafilai. Masu ba da labarinsa sun saba ƙidaya biranen da ya shiga da sarakunan da ya gaisar. Amma duk wanda ya taɓa bin ayari ya san ba ƙafar mutum kaɗai ke kai shi nesa ba, saboda haka a nan za a fi tsayawa kan mutanen da suka yi tafiya tare da shi, na kirkinsu da na banzansu.

Sunansa Abu Abdullahi Muhammadu ɗan Abdullahi, daga kabilar Lawata ta Barbar, an fi saninsa da Ibnu Baɗuɗa, wanda littattafan boko ke rubutawa Ibn Battuta. An haife shi a Tanja, bakin mashigin ruwan da ya raba Magrib da Andalus, ran 17 ga Rajab, shekara ta 703, watau Fabrairu 1304. Gidansu gidan alƙalanci ne bisa mazhabar Imamu Malik. Ran Alhamis 2 ga Rajab 725, daidai da Yuni 1325, ya yi sallama da uwa da uba, dukansu suna da rai, yana ɗan shekara 22. Ya fita babu aboki, babu ayarin da zai shiga. Bai ƙara ganin ko ɗayan iyayen nan nasa ba.

Kaɗaicin bai daɗe ba. Da ya isa Tilimsan ya ji labarin jakadu biyu na Sarkin Tunis sun tashi za su koma gida, sai ya bi sawunsu ya tarar da su a Miliyana. Zafi ya kwantar da su duka biyu, ɗayan, wanda alƙali ne, ya rasu. Wanda ya rage, Shaihu Abu Abdullahi Zubaidi, shi ne abokin kirki na farko da Allah ya haɗa yaron da shi. A Bijaya masassara ta kama Ibnu Baɗuɗa. Zubaidi ya ba shi shawara ya zauna sai ya warke, ya ƙi, ya nuna in ma ajali ne ya fi son ya same shi bisa hanya fuskarsa na duban Hijaz. Da dattijon ya ga ba zai lanƙwasu ba, sai ya sa shi ya sayar da dabbarsa da kayansa masu nauyi, ya ara masa abin hawa da tanti, domin su yi sauri saboda tsoron Larabawan daji masu tare hanya. Wannan shi ne karatun tafiya na farko da ya ɗauka, cewa kaya kaɗan da aboki nagari sun fi mangala cike.

A Bijaya ɗin nan kuma ya ga abin da ya tsaya masa a rai. Wani falke daga cikin 'yan Tunis da su ke tafe tare, Muhammadu ɗan Hajar, ya rasu ya bar dinari 3,000 na zinariya, ya yi wasiyya a kai wa magadansa a Tunis. Labari ya kai kunnen mai mulkin garin, ya aiko aka ƙwace dukiyar. Mai karatu ya riƙe wannan, gama za a sake tuno shi a ƙasar Mali.

A Kusantina ruwan sama ya jiƙe su sharkaf. Mai garin ya dubi tufafin baƙon, ya sa aka wanke su, ya ga mayafinsa ya tsufa, sai ya aiko masa da sabo, an ƙulle dinari biyu a gefensa. Ita ce sadakar farko da ya karɓa a tafarki. Masassara ta komo masa kafin Tunis, har ya kwance rawaninsa ya ɗaure kansa a jikin sirdi don kada ya faɗi, ba kuwa halin a tsaya. Da suka iso bakin birni, mutane suka fito taryen Zubaidi da ɗan alƙalin da ya rasu, ana ta gaisuwa ana rungumar juna, shi kuwa ko mutum guda bai ce masa sannu ba, don ba wanda ya san shi. Ya kasa daurewa, ya fashe da kuka. Wani mahajjaci ya lura, ya matso ya yi masa sallama, ya yi ta ɗebe masa kewa da hira har suka shiga gari. Ko sunan mutumin nan bai zo cikin littafi ba, amma aikinsa ya zo. Kafin ayarin alhazai ya tashi daga Tunis, yaron da ya shigo yana hawaye shi aka naɗa alƙalin ayari.

Daga nan sai Tarabulus, Iskandariyya, Alƙahira. Ya hau Nilu ya nufi Aizab don ya ƙetare Bahar Maliya, ya tarar ana yaƙi, jirage sun lalace, ya juyo ya bi ta Sham. A Dimashƙa, cikin azumin 726, ya saurari Sahihul Buhari a zama 14 a masallacin Banu Umayya, ya karɓi ijazozi. Ya sauke farali a shekarar nan. Wani da ya juya gida ke nan. Shi sai ya bi ayarin Iraƙi, ya ga Basra da Isfahan da Shiraz da Bagadaza, ya komo Makka ya yi zaman maƙwabtaka, sa'an nan ya shiga jirgi zuwa Yaman, ya gangara gaɓar Afirka ta gabas, Zaila da Mukadishu da Mambasa da Kilwa, ya komo ta Oman da Hurmuz.

Sa'ad da ya ƙudura zuwa Hindu, bayan hajjin 732, a Masar ya sami abokin da ya fi kowa daɗewa tare da shi, Alhaji Abdullahi ɗan Abubakar Attuzari, mutumin Tuzar ta ƙasar Tunis. Kimanin shekara goma suna tare, a ruwa da tudu. Daga Laziƙiyya suka shiga jirgin mutanen Janawa ta ƙasar Italiya, suka sauka ƙasar Turkawa, ba wanda ke jin harshen ƙasar a cikinsu. A nan ne suka gamu da jama'ar da a ke kira Ahi, watau ƙungiyoyin samari masu sana'a. Kowace ƙungiya tana da shugaba da zawiya. Da rana kowa ya tafi sana'arsa, da la'asar ya kawo abin da ya samu wurin shugaba, a sayi abinci da man fitila, in baƙo ya sauka gari a ɗauke shi har ran da zai tashi. A Antaliya wani saurayi mai tsummokara da hular gashi ya zo ya gayyace su cin abinci. Ibnu Baɗuɗa ya ji nauyin ɗora wa matalauci wahala, ya faɗa wa malamin da ya sauke shi. Malamin ya yi dariya, ya sanar da shi wannan baduku ne, shugaban masu sana'a wajen 200. Da suka je suka tarar da zaure shimfiɗe da dardumai, fitilu na ci, akussa na ta shigowa. Ba a raina mutum don rigarsa.

A Ladiƙ, wadda a ke kira Denizli, abin ya fi haka. Suna ratsa kasuwa sai wasu mutane suka diro daga rumfuna suka kama linzaman dawakinsu, wasu kuma suka taso suka hana, gardama ta yi zafi har aka zare wuƙaƙe. Matafiyan suka tsorata, suka ɗauka 'yan fashi ne. Sai da aka sami wani alhaji mai jin Larabci ya bayyana musu cewa ƙungiya biyu ce, ta Ahi Sinan da ta Ahi Tuman, kowace na son baƙin su sauka wurinta. Aka yi ƙuri'a ta faɗa kan Sinan, washegari suka koma wurin Tuman. Baƙonka annabinka, in ji Hausawa, ga waɗanda suka riƙe maganar har da wuƙa.

Rashin harshe kuwa ya ba su wuya. Wata rana an aiki yaro kasuwa ya sayo man shanu, ya tambaya da sunansa na Larabci, samnu, sai aka ɗauko masa busasshiyar ciyawar dabbobi, gama abin da kalmar ke nufi ke nan da Turkanci. Don gudun irin wannan suka ɗauki wani alhaji na Mudurnu ya zama tafintansu, suka ba shi tufa da abin hawa da kuɗin da zai bar wa iyali. Ashe mai dukiya ne, amma ƙanƙamo da ƙaramin rai sun yi masa yawa. Ya kan tattara ragowar gurasarsu ya sayar, ya kan kuma yanki wani abu daga kuɗin cefane. Sun gane, ba su kore shi ba, don ba su da bakin da ya wuce nasa. Har ya zama da maraice su kan tambaye shi nawa ya ci yau, ya faɗa, su yi dariya. Kowane madugu ya san irin wannan mutum.

Suka ƙetare Baƙin Bahar daga Sinob zuwa Kirim, suka shiga ƙasar Sarki Uzbak, inda a ke tafiya cikin kekunan shanu da dawaki masu rumfa. Ibnu Baɗuɗa ya raka ɗaya daga matan sarkin, Bayalun, 'yar Sarkin Rum, zuwa Kustantiniyya, ya yi wata guda da kwana shida. A komowa hunturu ya same su. Ya sa riguna uku na fata mai gashi, da wando biyu, da takalma bisa takalma, in ya yi alwala da ruwan zafi ɗigon da ya sauka a gemunsa sai ya daskare. Nauyin tufafi ya hana shi hawa doki, sai abokansa sun ɗaga shi sun aza. Haka suka ratsa Huwarizmu da Buhara da Samarƙandu da Balhu, suka haye duwatsun Hindu Kush, suka iso kogin Sindu ran 1 ga Muharram 734, bisa lissafinsa, watau Satumba 1333.

Wanda ya fita Tanja shi kaɗai ya shiga Dilli da mutum wajen 40, abokai da barori da bayi, aka rubuta sunayensu a fada aka ba kowa kyauta gwargwadon matsayinsa. Sarki Muhammadu ɗan Tugluƙ ya naɗa shi alƙali, albashin dinari 12,000 a shekara. A nan halinsa na son girma ya fito fili, gama bashi ya hau kansa har dinari 55,000, sai da ya yi wa sarki waƙar yabo aka biya masa. Sarkin kuwa hannunsa a buɗe ya ke wajen kyauta, takobinsa ma ba ya zama cikin kube. Da ya yi fushi da wani shaihi mai suna Shihabuddini, aka bi waɗanda suka taɓa ziyartarsa, aka sa bayi huɗu su tsare Ibnu Baɗuɗa. Ya yi kwana biyar yana azumi, ba ya buɗa baki sai da ruwa, kullum yana sauke Alƙur'ani, ya sha ruwa, ya ƙara huɗu. Aka kashe shaihin, shi aka sake shi. Ya rabar da abin hannunsa, ya lazimci wani waliyyi mai zama cikin kogo, Kamaluddini Algari, wata biyar. Sai sarki ya kira shi ya naɗa shi jakada zuwa ƙasar Sin, da kyautai masu yawa.

Wannan tafiya ita ta watsa jama'arsa. A Kalikut, bakin tekun Malabar, suka jira iska wata uku. Da lokaci ya yi aka zuba kyautar sarki da sauran jakadu cikin wani babban jirgi na mutanen Sin. Ibnu Baɗuɗa ya nace sai an ba shi ɗaki nasa shi kaɗai saboda kuyanginsa, ba a samu yadda ya ke so ba, sai aka mai da kayansa da mutanensa cikin wani ƙaramin jirgi, shi kuwa ya tsaya tudu don sallar Juma'a. Guguwa ta taso, babban jirgin ya farfashe, Zahiruddini Zanjani da Sunbul, abokan jakadancinsa, suka halaka, teku ta cinye kyautar. Mutanen ƙaramin jirgi da suka ga haka sai suka buɗe filafilai suka tafi da duk abin da ya mallaka. Aka bar shi bakin gaɓa da dinari goma da dardumar da ya ke kwana a kai. Tsirfar da ya yi kan ɗaki ita ta zama sanadin tsirarsa, ita kuma ta raba shi da mutanensa. Ya bi su tafiyar kwana goma zuwa Kaulam, bai same su ba. Daga baya ya ji an ƙwace kayan, abokan sun warwatsu, wasu Sin, wasu Jawa, wasu Bangala. Ya ji tsoron komawa Dilli ya fuskanci sarki. A wannan gaɓa kuma, a Sandabur wadda a ke kira Gowa, Attuzari ya rasu.

Ya tafi tsibiran Maldif ya yi alƙalanci, ya yi aure-aure, ya saki, ya wuce. Wannan ɗabi'a ta bi shi wurare da dama, ya bar mata da 'ya'ya a baya, ba abin yabo ba ce. Amma fatake za su so jin abin da ya gani can. Daga tekun tsibiran nan a ke tsamo wuri, a zuba cikin ramuka har naman ya ruɓe, ƙwaryar ta rage fara. Wuri 400,000 a ke bayarwa kan dinari guda. Bayan shekaru ya tarar da wurin nan a Mali da Gawo ana sayar da 1,150 kan dinari. Shi ne wurin da daga baya ya cika kasuwannin ƙasar Hausa, har jam'insa, kuɗi, ya zama sunan abin saye duka.

Ya hau dutsen Sarandib, 'yan fashin teku suka tuɓe shi suka bar shi da wando, ya ga Bangala da Sumatara, ya sauka Zaitun ta ƙasar Sin, inda ciniki ke gudana da takarda mai hatimin sarki. Zuciyarsa ba ta kwanta da ƙasar ba. A wani birni aka shigo masa da wani malami attajiri, suka yi ta duban juna, ashe Ƙiwamuddini Albushri ne mutumin Sabta, maƙwabciyar Tanja. Dukansu biyu suka yi kuka. Bayan 'yan shekaru ya sauka gidan ɗan'uwan mutumin nan a Sijilmasa, bakin Sahara.

A komowa ya iske annoba a Sham cikin 1348, ya ji mahaifinsa ya rasu tun shekara 15 da suka wuce. Ya sake hajji, ya nufi gida, yana kusa da Taza aka gaya masa annobar ta ɗauke mahaifiyarsa. Ya shiga Fas a Sha'aban 750, Nuwamba 1349. Ya ƙetara Andalus, a Marbala ya so bin wasu mahaya 12, suka riga shi tashi, sai ya tarar abokan gaba sun sauko daga jirage sun kashe ɗaya, sun kama goma, ɗaya ya tsere.

Tafiyarsa ta ƙarshe ita ta kawo shi kusa da ƙasar Hausa. Ya bar Sijilmasa ran 1 ga Muharram 753, Fabrairu 1352. Kwana 25 suka kai Tagaza, garin da gidajensa da masallacinsa na gishiri ne, rufin fatar raƙumi. Kayan raƙumi guda na gishirin nan miskali 8 zuwa 10 ne a Walata, a birnin Mali kuwa 20 zuwa 30, wani lokaci 40. A cikin rairayi wani mai suna Ibnu Ziri ya yi faɗa da ɗan kawunsa, ya yi fushi ya ja baya da ayari, ya ɓata. Ibnu Baɗuɗa ya ba da shawara a yi ijarar wanda zai bi sawunsa, ɗan kawun ya ƙi. Wani ayari da suka gamu da shi ya ba su labarin wasu mutanensa sun ɓata, sai suka tarar da gawar ɗayansu ƙarƙashin wata 'yar itaciya, ruwa na nan kamar mil guda daga wurin. Tun daga ranar Ibnu Baɗuɗa bai ƙara wuce ayari ko ja baya da shi ba.

Daga Walata zuwa birnin Mali bai bukaci ayari ba, shi da abokai uku da jagora suka tafi, saboda amincin hanya. Ya raina liyafar Mansa Sulaimanu, gurasa uku da soyayyen naman sa da ƙwaryar nono, har ya yi dariya, wanda Dilli ta sangarta. Ya ƙi wasu al'adun fada. Amma ya shaidi mutanen ƙasar da ƙin zalunci, da cika masallaci ran Juma'a cikin fararen tufafi, da tsananta wa yara haddar Alƙur'ani har da mari a ƙafa. Ya shaida kuma in baƙo ya mutu a ƙasarsu ba su taɓa dukiyarsa kome yawanta, sai su danƙa ta ga amintacce har magaji ya zo. Abin da ya rasa a Bijaya yana yaro, ga shi ya same shi a bakin Kwara yana da furfura.

Ya bi ta Tumbutu da Gawo, ya shiga ayarin Gadamusawa zuwa Takadda. A zangon farko taguwar da ke ɗauke da guzurinsa ta gaza. Jagoran ayari, Alhaji Wujjin, ya sauke kayan ya rarraba wa mutanensa, kowa ya ɗauki kaɗan. Mutum ɗaya ya ƙi, Bamagaribe ne ɗan ƙasarsu daga Tadala, wanda har yaron Ibnu Baɗuɗa ya roƙe shi ruwa ran ƙishirwa ya hana. Sunan Wujjin ya shiga littafi, na Batadalen an bar shi. Takadda, wadda masu bincike ke ganin ita ce kufan Azelik a yammacin Agadas cikin ƙasar Nijar, garin jan ƙarfe ce. Ana zuba shi sanda-sanda, masu kauri 400 kan miskali, sirara 600 ko 700, da su a ke sayen nama da itace da hatsi. Ya ambaci ana kai shi Kubar, wadda malamai da yawa ke fassarawa da Gobir, da kuma Barno, tafiyar kwana 40, inda Sarki Idirisu ke mulki. A Takadda manzon Sarkin Fas Abu Inan ya same shi da umurnin ya komo. Ya tashi ran 11 ga Sha'aban 754, Satumba 1353, cikin ayarin da ke kore da bayi mata wajen 600, ya bi ta Abzin da Tuwat, ya isa Fas farkon 1354.

Sarki ya sa magatakarda Ibnu Juzayyi, wanda suka taɓa haɗuwa a Garnaɗa, ya rubuta abin da zai shibta masa. Aka gama shibtar a Zulhajji 756, Disamba 1355, littafin shi ne Tuhfatun Nuzzar, wanda aka fi sani da Rihla. Tun yana da rai wasu mutanen Fas suka yi ta raɗe-raɗin ƙarya ya ke yi game da kyautar Sarkin Hindu, kamar yadda Ibnu Haldun ya kawo. Masu bincike na baya sun gano an ɗebo wasu siffofin Makka da Sham daga littafin Ibnu Jubairu, sun kuma yi shakkar zuwansa Bulgar da babban birnin Sin, amma sun gaskata mafi yawan labarin, suka ƙiyasta tafiyarsa da mil 73,000. Ya ƙare kwanakinsa yana alƙalanci a wani gari na Magrib, ya rasu a shekara ta 770, watau 1368 ko 1369. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan waɗanda suka raka shi, amin.